Tsayin mazaunin kujerar wasan jariri: tafin ƙafa ne zai taka ko yatsu?

"Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da wata biyar da rabi. Babansa ya sayo masa kujerar wasan nan marar taya, wadda ake zura yaro a tsakiya kayan wasa suna kewaye da shi. Gwanjo ce, ba ta zo da takarda ba. A jikin ƙafafunta akwai lamba 1, 2 da 3. Na sa ta a 1, amma yatsunsa kawai ke taɓa ƙasa, sai ɗage yake ta yi. Maƙwabciyata ta ce in sa masa filo a ƙasa. Kakarsa kuma ta ce in bar shi haka, wai in ya taka ƙasa da wuri ƙafarsa za ta yi baka. Don Allah wanne ne daidai, kuma yaushe ake ƙara tsayin?"

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya raya mana shi. In na fahimce ki, abu uku kike son sani: yadda ƙafar yaro ya kamata ta kasance a cikin kujerar, abin yi idan matakin ƙasa ma ya yi masa tsawo, da lokacin da za ki matsa zuwa mataki na gaba. Gajeriyar amsa ita ce, a kujerar da ba ta tsalle ana son tafin ƙafarsa duka biyu su kwanta a kan abu mai tauri, gwiwarsa ta ɗan lanƙwashe, mazaunansa kuma suna cikin mazaunin. Filo bai dace ba, barinsa yana ɗage ma bai dace ba. Amma akwai bayani a ciki, kuma ya kamata ki san dalili domin ki iya yanke hukunci da kanki yayin da yaron ke girma.

Fara da gane irin wadda ke hannunki

Wannan kujera ta fito ne a shekarun 1990 domin ta maye gurbin keken koyon tafiya mai taya, wanda ya yi ta jefa jarirai daga matakalar bene da kai su wurin wuta da ruwan zafi. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da mai tayar tun 2004, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta daɗe tana kiran a hana shi. To, marar tayar ta fi aminci nesa ba kusa ba, sai dai ita ma iri-iri ce, kuma gyaran tsayinsu ya bambanta.

Akwai mai gindi kamar kwano ko faranti, irin ExerSaucer ta kamfanin Evenflo, inda yaro ke taka gindin robar maimakon daɓen ɗaki, ana kuma ƙara tsayi ko ragewa a ƙafafu uku da suka ɗauki farantin wasan. Akwai mai kama da tebur, irin ta Skip Hop, wadda mazauninta ba ya motsi sama ko ƙasa, faifan da yaro ke takawa ne ake ɗagawa ko saukarwa. Sai mai tsalle, irin Jumperoo ta Fisher-Price, wadda mazauninta ke rataye da maɗauri da sifirin, ana gyara ta a jikin maɗauran. Yawancinsu mataki uku ne, wasu huɗu ko biyar. Yadda kika kwatanta taki, da lamba a jikin ƙafafu, ta fi kama da ta farko.

Tunda gwanjo ce, kada ki dogara da lambar kawai. Ki cire yaron, ki sa ta a 1 ki auna daga ƙasa zuwa bakin farantin, ki sa ta a 3 ki sake aunawa, domin ki tabbata wanne ne ainihin matakin ƙasa. Ki kuma juya ta ki duba ƙarƙashin farantin ko jikin mazaunin, galibi akwai sunan kamfani da lambar samfuri. Da wannan lamba ana samun takardar bayaninta a intanet.

Saɓanin da ke tsakanin takardar kamfani da masu gashin ƙashi

In kin samo takardar, mai yiwuwa ki ga abin da zai ruɗa ki. Takardar Jumperoo, alal misali, cewa take yatsun yaro su taɓa ƙasa lokacin da ba ya tsalle, in kuma tafin ƙafarsa duka ya kwanta a ɗaga mazaunin. Mu kuwa masu aikin gashin ƙashin yara, wato fisiyo, mafi yawanmu tafin ƙafa muke so ya kwanta. Kowane ɓangare da abin da yake gudu.

Kamfani yana gudun haɗari na nan take. Yaron da mazauni ya yi masa ƙasa sosai yana samun ƙarfin miƙewa tsaye ƙyam, mazaunansa su bar zanen, ƙirjinsa ya haura farantin, ya rinjaya gaba ko ya zaro ƙafa ɗaya ya faɗo. A mai tsalle kuma, in ta yi ƙasa, duk saukowar da zai yi ƙafa da gwiwa ne za su daki daɓe da ƙarfi tun sifirin bai tare nauyinsa ba.

Mu kuma muna kallon abin da jiki ke koya a hankali. Jaririn da ke ɗage yana ɗaure naman sharaɓarsa da agararsa, ya sandare gwiwa, ya gantsare baya, ya tura ciki gaba ya jingina da bakin farantin. Ki lura da shi gobe in kin sa shi: za ki ga yatsun sun dunƙule suna neman kama ƙasa, diddige a sama, kai ya ɗan koma baya. Wannan tsayuwa kishiyar wadda zai buƙata ce ranar da zai kama kujera ya miƙe, domin a ranar diddige ne zai ɗauki nauyi, naman ciki da na mazaunai su riƙe shi. Ba kowane yaron da ya yi ɗage a kujerar wasa ne zai tashi yana tafiya da yatsu ba, kada ki tsorata. Sai dai babu amfanin maimaita wa jiki tsayuwar da ba ita ake so ba kullum.

Abu na biyu shi ne ƙugu. In ƙafa ba ta samu abin takawa ba, nauyin yaro gaba ɗaya yana sauka a matsematsinsa, cinyoyi suna reto a miƙe. Ki kwatanta da goyo: yaro a baya cinyoyinsa a buɗe suke, gwiwa a lanƙwashe, zani ya tallafe shi daga mazaunai har cinya. Wannan zama na goyo shi ne wanda masana gaɓar ƙugu ke yabawa, domin yana zaunar da kan ƙashin cinya cikin gurbinsa yadda ya kamata. Reto a kan siririn zane bai ba da wannan tallafi ba.

Abin da nake bai wa iyaye shawara a kai shi ne su raba abu biyu da ake cakuɗawa: kwanciyar tafin ƙafa daban, miƙewa tsaye daga cikin mazauni daban. A kujerar da ba ta tsalle, ki nemi matakin da tafin ƙafa zai kwanta alhali yaron yana zaune, in ma ya tura ƙafa ya miƙe, ɗagowar ba ta kai a ga sarari tsakaninsa da zanen ba. A mai tsalle kuwa ki bi takardar kamfani, amma ki tabbata faffaɗan gaban tafin ne ke taka ƙasa, wato tudun da ke bayan yatsu, diddige kuma yana kusa da ƙasa har yana taɓawa in ya sauko. Kan yatsu zalla, kamar mai leƙen katanga, ya yi tsawo a kowace iri.

Yadda za ki gyara

Kafin komai, yaron ya cancanci shiga? Watanni ba su ne ma'auni ba, duk da cewa yawancin kwalaye suna rubuta daga wata huɗu. Ma'aunin shi ne ya riƙe kansa da kyau ba ya langaɓewa, kuma in kin zaunar da shi kin riƙe ƙugunsa kawai, bayansa ya tsaya. Yara da yawa sai wajen wata shida suke kai wannan. In bakwaini ne, ki cire makonnin da ya rage bai cika ba daga shekarunsa kafin ki ƙirga.

Ki ɗauko tef ɗin awo irin na tela. Ki kwantar da shi rigingine da famfas ko kunzugun da ya saba sawa, ki miƙe ƙafa ɗaya a hankali ba tare da ja ba, ki auna daga matsematsi zuwa diddige. Sannan ki je wurin kujerar, ki sa dunƙulen hannunki a tsakiyar zanen mazaunin ki danna ƙasa sosai, wani ya auna miki daga nan zuwa inda ƙafa za ta taka. Dannawar tana da muhimmanci, domin zanen yana lotsawa in nauyi ya hau, na gwanjo kuwa ya riga ya saki. Abin da nake nema shi ne awon kujerar ya gaza awon ƙafar da kamar santimita 2 zuwa 3. Wannan ɗan bambanci shi ke ba gwiwa damar lanƙwasawa.

Kada a taɓa gyara tsayi yaro yana ciki. Ki cire shi, ki danna maɓallin kowace ƙafa ki ja har ki ji ta yi ƙas ta kulle, ki zagaya ki karanta lambar dukkan ƙafafun. Kuskuren da na fi gani ke nan: ƙafa biyu a 1, ta uku a 2, ko ɗaya ta tsaya tsakanin mataki biyu ba ta kulle ba. Kujerar sai ta karkace, yaro ya riƙa jingina gefe guda yana taka ƙafa ɗaya, uwa ta ɗauka ƙafar yaron ce ke da matsala. Bayan kin gama, ki ɗora tafukan hannunki biyu a kan farantin ki danna da nauyinki. In wata ƙafa ta zame, maƙallinta ya ci, kuma wannan kujera ba ta shiguwa sai an gyara. Ɗaure ta da tsumma ko robar taya ba gyara ba ne. Ki duba zanen ma, kowane madauki nasa ya shiga ƙugiyarsa a jikin zoben mazaunin, domin guda ɗaya in ya fita sai mazaunin ya zurma ta wannan gefen.

Yanzu ki sa shi, ƙafa ba safa ba takalmi. Ki ba shi kamar rabin minti ya natsu, domin da farko kowane jariri yana sandare ƙafa saboda murna. Sai ki durƙusa har idonki ya yi daidai da ƙafarsa, ki kalle shi ta gefe. Daga tsaye ba za ki ga komai ba, farantin ya rufe.

Ki fara da diddige: ya taɓa ƙasa? Gwada zura yatsanki a ƙarƙashinsa. In yatsa biyu sun shige a sake, mazaunin ya yi sama. Ki duba gwiwa: ɗan lanƙwasa ake so, kamar mutumin da ke shirin zama bai kai ga zaman ba. In ta miƙe sambal, ya yi sama. In ta naɗe kamar mai tsuguno, ko kika ga ƙafar ta karkace yana taka gefenta ko bayan yatsu saboda rashin wuri, ya yi ƙasa. Sannan ki dawo sama ki duba hannuwa. Bakin mazaunin ya tsaya wajen cikinsa ko ƙasan ƙirji, hannuwansa su sauka a kan farantin a sake. In bakin ya kai hammata, kafaɗu sun ɗage sun kusa kunne, to yaron ya nutse a ciki, kuma wannan ba matsalar ƙafafun kujera ba ce, gangar jikinsa ce ba ta kai ba tukuna.

In matakin ƙasa ma ya yi masa tsawo

Nan ne matsalarki take. Maƙwabciyarki ta gane cewa ƙasa ce ya kamata ta taso ta sami ƙafar, ta dai zaɓi abin da bai dace ba. Filo yana lotsawa, ƙafa ɗaya ta nutse ɗaya ta tashi, idon sawu ya riƙa karkacewa, yaron kuma ya ƙara dunƙule yatsu yana neman abin da zai tsaya a kai. Haka bargo da aka ninke ko katifar jariri. Ana son abu mai tauri, shimfiɗaɗɗe, wanda ya fi tazarar ƙafafunsa faɗi, kuma ba ya zamewa. Guntun katako da kafinta ya goge bakinsa ya kashe kaifin yana yi, haka tabarmar roba mai tauri irin wadda ake haɗawa a ɗakin wasan yara, a ɗora biyu ko uku a manne su. Littattafai ba na son su: suna zamewa a kan juna, kuma ba ma sa rubutu a ƙarƙashin ƙafa.

Wannan dabara tana da iyaka. In ratar da ke tsakanin diddige da ƙasa ba ta wuce santimita 3 zuwa 4 ba, kuma hannuwansa suna sake a kan farantin, to ki cike ta. In ta fi haka, ko in taki mai gindin kwano ce har katakon ba ya zama daram a ciki, ki ajiye kujerar mako biyu ko uku ki sake gwadawa. Jariri kafin wata shida yana ƙara kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi a wata, daga wata shida zuwa shekara kuma kamar santimita ɗaya, saboda haka jiran ba mai tsawo ba ne. Haka nan in sai kin cusa tsummoki gaba da baya da gefe kafin ya zauna daidai, jikinsa yana gaya miki bai shirya ba.

Ki lura da daɓen ma. A mai tsalle da duk wadda yaro ke taka ƙasa kai tsaye, kafet mai laushi yana canja awon: ƙafafun kujerar suna nutsewa, sai mazaunin ya ƙara sauka. In kin gyara a kan tayil sannan kin mayar da ita kan kafet, ki sake dubawa. Lokacin hunturu da tayil ke sanyi, gara ki shimfiɗa siririn abu marar santsi da ki sa masa safa, domin safa a kan tayil ko leda zamewa take yi, ƙafafu su wage. Tsakar gida mai gangare ko daɓen da ya fashe shi ma yana karkatar da ita.

Maganar kakarsa

Ki gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa damuwarta a kan ƙafar jikanta tana kan hanya, amma taka ƙasa ba ya sa ƙafa ta yi baka. Kusan duk jarirai ana haihuwarsu da ɗan bakan ƙafa saboda yadda suka naɗe a ciki, kuma yana miƙewa da kansa wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Bakan da ke ƙaruwa bayan shekara biyu, ko wanda yake a ƙafa ɗaya, yana da wasu dalilai, ciki har da laushin ƙashi saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam ko bitamin D, kuma wannan na asibiti ne. Barin yaro yana reto ba ya kare shi daga ko ɗaya.

Ƙarin tsayi, da tsawon zama

Ki mayar da dubawar nan ta gefe al'ada duk mako biyu. Alamar lokacin ƙari ya yi ita ce gwiwa ta fara naɗewa sosai in yana zaune, ko in ya miƙe kina ganin haske tsakanin mazaunansa da zanen, ko cibiyarsa ta haura bakin farantin. Ki ƙara mataki ɗaya tak. Sau da yawa za ki tarar mataki na 1 ya yi ƙasa, na 2 kuma ya ɗan yi sama, domin tazarar matakai ta fi girman da yaro ke yi a mako biyu. A nan katakon nan zai sake amfani: ki hau na 2 ki sa katakon a ƙasa, bayan 'yan makonni ki cire.

Ana daina amfani da ita gaba ɗaya in yaro ya fara tafiya, ko ya fara ƙoƙarin haurowa, ko ya kai matakin ƙarshe kuma yana iya miƙewa daga cikin mazaunin. Akwai kuma iyakar nauyi da tsayi. Ta Jumperoo kilo 11 da ɗoriya ce, da tsayin santimita 81, sauran ma ba su yi nisa da haka ba, amma ki nemi ta samfurinki. Duk wadda ya fara cimmawa a cikin waɗannan, ita ce ta raba shi da kujerar.

Ko da tsayin ya yi daidai ɗari bisa ɗari, daɗewa a ciki yana ɓata komai. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba da shawarar kada zama a irin waɗannan kayan ya wuce minti 20 a lokaci guda. Ni nakan ce minti 10 zuwa 15, sau ɗaya ko biyu a yini, ga ɗan wata biyar zuwa shida. Ki kalle shi bayan minti goma: yaron da ya fara da tafin ƙafa a kwance yakan gaji, ya kwantar da ƙirji a kan farantin, ƙafafu su koma baya, ɗagen ya dawo. Da kin ga haka, ko ya fara ƙananan kuka, ko kansa ya fara rinjaya, ki ɗauke shi. In barci ya ɗauke shi a ciki, a cire shi nan take a kwantar. Kujerar ba ta koya wa yaro zama ko tafiya. A kan tabarma yake koyonsu, da rub da ciki, da juyi, da miƙa hannu ya ɗauko abu, da rarrafe. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2019 ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 na rub da ciki a yini, a rarrabe, yana farke. Amfanin kujerar shi ne ta riƙe miki shi na ɗan lokaci kina aiki a gefensa, idonki a kansa.

Tunda tsayin da kika gyara ya ɗaga shi sama da inda ya saba, hannunsa zai kai inda da ba ya kaiwa. Ki ja kujerar nesa da risho, kurfoti, butar lantarki, fanka ta tsaye, wayar caja da labule, kuma kada a taɓa ɗora ta a kan gado ko tebur. Yayyensa ma a hana su rataya a jikin farantin ko juya shi da ƙarfi.

Ban ga ɗanki ba, kuma awon da na ba ki na yaro mai cikakkiyar lafiya ne. In kin gyara komai, ƙasa ta sami ƙafarsa, amma har yanzu ya ƙi sauke diddige, ki gwada wannan yana kwance yana cikin nishaɗi: ki kama tafin ƙafarsa ki tura shi a hankali zuwa wajen ƙwauri. Ƙafar jariri tana tafiya a sauƙaƙe har ta wuce yadda take in an taka ƙasa a tsaye. In kin ji ta yi tauri, ko kina ganin ƙafafunsa suna sandarewa suna harɗewa kamar almakashi in an ɗaga shi, ko kullum ƙafa ɗaya yake takawa, ko cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar ɗayar lokacin canja famfas, ki ajiye kujerar ki kai shi wurin likitan yara ya duba shi. Haka in an haife shi bakwaini, ko bai yi kuka da wuri ba bayan haihuwa, ko ya yi shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko an taɓa cewa a lura da ƙugunsa: a nan sai likitan da ke ganinsa ya amince kafin ya sake shiga.